Baba Ya Fita Ta Ƙofa

Na daɗe ina cewa zan rubuta labarin jinyar mahaifina, amma duk lokacin da na ɗauki biro sai raina ya ɓaci in ajiye. Yanzu shekara ta zagayo. Ɓacin ran bai tafi ba, ya dai kwanta yadda zan iya zama in faɗi abin da ya faru. Ina rubutawa ne saboda 'yan'uwana mutanen kudancin Borno da ke aiki a nan Maiduguri, waɗanda iyayensu tsofaffi ke hannunsu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Sunana Rifkatu, ina koyarwa a wata makarantar firamare a Ajilari. Mu mutanen wani ƙauye ne can cikin duwatsun ƙasar Biu. Baba ya ƙare ƙuruciyarsa yana akawu a wani ofishin gwamnati a GRA, kuma da ya yi ritaya sai ya dawo wurina da zama, don Mama ta riga ta rasu. Kullum cewa yake bari fanshonsa ya daidaita sai ya koma gida. Ban taɓa ganin wanda fansho ya daidaita wa ba, don haka ban ɗauki maganar da nauyi ba.

Tari ya fara masa bayan Kirsimeti. Ya ce mura ce. Mura ta yi wata guda, ya ce ƙurar alli ce da nake kwasowa a zanina daga makaranta. Da yamma jikinsa ya yi zafi, da safe in tarar da zanin gadonsa sharkaf da gumi. Wata rana na same shi a tsakar gida da ƙusa yana huda sabon rami a bel ɗinsa, ya ce fatar ce ta saki. Baba mutum ne da in ka ce masa rigarsa na cin wuta sai ya ce ɗumi yake sha. Ranar da na ga jini a hankicinsa wajen wanki, ban tambaye shi komai ba, na je na kira tasi.

Ba zan ambaci sunan asibitin ba, don akwai mutanen kirki a ciki. Lokacin nan ne da komai sai layi, sabulu layi, madara layi, asibiti kuwa ba a magana. Makon farko a gindin dogonyaro muka cinye shi, ga zafin bazara irin na Maiduguri. Layin kati daban, layin ganin likita daban. Aka ce a yi hoton ƙirji, muka je aka ce abin ɗaukar hoton ya ƙare, a dawo jibi. Aka ce ya kawo kaki a kwalba, muka kawo, aka ce kwalbar ba tasu ba ce. Baba yana zaune a benci yana ba ni haƙuri, shi da ko tsayuwa ba ya iyawa sai an riƙe shi.

A ƙarshe muka ga likita, wani Ba'indiye gajere wanda Hausarsa ba ta fi cikin cokali ba. Ya ɗaga hoton ya daɗe yana kallo, ya ce tarin fuka ne. Sauran bayanin wata nas ce ta fassara, Sista Hauwa, wadda har gobe nake yi mata addu'a. Ta ce za a kwantar da shi, allura kullum na wasu watanni, bayan nan ƙwayoyi fiye da shekara. Sai likitan ya ɗaga yatsa ya faɗi abin da ya iya da kansa: “Allura kullum. Ba fashi.” Sista Hauwa ta ƙara da cewa wannan ciwo ba ya kashe wanda ya gama magani, wanda ya tsaya a rabi shi yake kashewa. Na riƙe wannan magana kamar ayar haddace.

Ɗakin masu tari yana can bayan asibitin, nesa da kowa. A gadon da ke kusa da na Baba aka kwantar da wani Babarbare mai wankin hula daga Galtimari, Ba Bukar. A tabarma 'ya'yansa suka shigo da shi, kuma ranar da na fara ganinsa na ce a raina wannan ba zai kai Juma'a ba. In Baba ramamme ne, Ba Bukar ƙashi ne da idanu. A mako ɗaya aka fara musu allura.

Maganin yakan yanke, sai a turo ni kemis in sayo, har da sirinji. Keken ɗinkina a nan ya tafi, kuma ban yi kukansa ba. Masu ba da shawara kuwa ba su taɓa yankewa ba. Wannan ta ce nonon raƙumi, wancan ya ce zuma da tafarnuwa, wani tsohon abokin aikin Baba ya ja ni gefe ya ce tun a ofis aka yi masa sammu. Matan zumunta na cocinmu suka zo da yawansu, suka tsaya a bakin taga suka yi waƙa da addu'a, babu wadda ta tako ciki. Na gode musu, amma na lura. Wadda ta shiga har gaban gado ita ce maƙwabciyata Ya Falmata, da kwanon burabusko a lulluɓe, ta zauna ta yi masa sannu da Barbarci ta ce, “Wushe, wushe, Baba. Ci, ciwo ba ya son mai ci.” Ya kuwa ci. Kafin mako na uku zazzaɓin yamma ya sauka, jinin ya tsaya, har ya fara yi wa masu shara gyaran Turanci.

Ana cikin haka ƙanensa Baba Dauda ya iso daga ƙauye, da zakara ɗaya da ƙullin wake. Bai ga yadda Baba yake ranar da muka kawo shi ba, ramar yanzu kawai ya gani. Bai tambayi abin da likita ya ce ba. Ya yaye mayafi ya dubi ƙafafun yayansa, ya dubi farcensa, ya jinjina kai, sannan ya fita ya tambayi wani direba ko an fara ruwa a hanyar Damboa.

Dole in yi wa wanda ba namu ba bayani. A ƙauyenmu, dattijon da ya cika a ɗakinsa ta ƙofar gida ake fitar da shi, a yi masa kiɗan tsinza, wani abin kiɗa na katako da ƙahonin shanu a ƙarƙashi, jikoki su yi rawa, gari ya ci ya sha. Wanda ya mutu a waje kuwa, ko a hanya ko a asibitin birni, ba a shigo da gawarsa ta ƙofa. Katangar baya ake fasawa, a shigar da shi ta nan a fitar ta nan, ba kiɗa, kuma giɓin yana nan a buɗe har damina ta wuce, duk mai wucewa ya gani. Coci ta zo ta canza abubuwa da yawa, amma wannan ba ta taɓa shi ba. Ga kuma rafin da ke tsakaninmu da babbar hanya, in damina ta zauna mota ba ta ƙetare shi. Lissafin Baba Dauda ke nan. Ni ina ƙirga allurai, shi yana kallon gajimare.

Baba da Ba Bukar sun riga sun zama abokai, kuma da yake mutuwa na yawan leƙa ɗakin nan, hirarta ba ta ba su tsoro. Wata rana ina fifita wa Baba kunu na ji yana ba shi labarin al'adarmu. Ba Bukar ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

“Malam Yakubu, ku kun wahalar da mutuwa,” ya ce. “Mu in na faɗi da hantsi, kafin azahar an rufe ni, kowa ya koma kasuwa. Ƙasa duk ta Allah ce. Inda ka faɗi nan ne gidanka.”

“Ku baƙuwa kuka ɗauke ta, kuna sallamarta tun daga zaure,” in ji Baba. “Mu surukarmu ce. In ba ka yi mata masauki ba, maganar ba ta ƙarewa.”

“To shi mamacin me ya sani a ciki?”

“Ba ya sanin komai. 'Ya'yansa ne ke sani.”

Na yi dariya tare da su a lokacin, ban san a kaina abin zai ƙare ba.

A mako na huɗu Baba ya fara jin jiri in ya tashi, ya kuma ce kunnensa na ƙara. A gaban Baba Dauda ya faɗa, kuma ya faɗe shi da kalmar da bai kamata ba. Ya ce wani amo yake ji can ƙasa-ƙasa, ba ya yankewa, kamar ana buga tsinza a bayan dutse. Na ga fuskar Baba Dauda ta sauya. A wurinmu ana cewa in tafiyar tsoho ta matso, shi kaɗai yake fara jin kiɗansa, waɗanda suka riga shi ne ke gwada katakon.

Ba Bukar ya ɗago daga gadonsa ya ce, “Ni ma ina ji. Amma nawa injin niƙa ne.”

Na ruga na kira Sista Hauwa, ita ma ta kira likita. Ya ce allurar ce ke kawo haka, sananne ne, za su rage ƙarfinta. Na sa Sista ta maimaita wa Baba Dauda da Hausa, a hankali, har sau biyu. Ya saurara da ladabi, hula a hannu, ya ce ya gode. Da muka fito gindin dogonyaro sai ya ce, “Shi wannan likita, a garinsu ana buga tsinza?”

“Baba, mutumin da ke gefensa ma yana jin ƙarar, kuma shi Musulmi ne.”

“Kowa da abin da ake kiransa da shi. Rifkatu, ba a fafe gora ranar tafiya. In ruwa ya sauka yayana ya cika a nan, ke za ki riƙe diga ki fasa katanga?”

“Ba zai cika ba. Sauƙi yake samu. Da ka ga yadda muka kawo shi.”

“Fitila ma takan yi haske in mai zai ƙare.”

Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Duk abin da na kawo sai ya zama hujjarsa. In Baba ya ci abinci, guzuri ne. In bai ci ba, ga shi nan dai. Na je wurin fastonmu, ya ce zai yi addu'a Ubangiji ya ba mu hikima, don shi ma ɗan can ne, shi ma yana da katanga. Yayana Ayuba da ke aiki a Fatakwal ya aiko cewa abin da manya suka yanke shi ke nan. Daga nesa biyayya ba ta da wuya.

Sai na koma kan Baba shi kansa. Na zauna a bakin gadonsa wata ranar Lahadi bayan sujada na ce, “Baba, kai dattijon ikilisiya ne. Kai ka koya mini cewa wanda ya mutu cikin Ubangiji ya huta. A sama ana tambayar ta ƙofa ka fito ko ta katanga?”

Ya ce, “Kin san yayanmu Musa?”

Na ce na ji sunansa.

“Mota ce ta kashe shi a hanyar Jos, ina saurayi. Ni da Dauda muka fasa katangar. Uwarmu tana tsaye, ba a bar ta ta yi kuka a ƙofa ba. Mutumin da ya biya mini kuɗin makaranta, aka shigo da shi ta inda awaki ke bi. Har na yi aure in ana kwatancen gidanmu sai a ce gidan mai giɓi.” Ya gyara kwanciya. “Ba don sama nake magana ba, Rifkatu, sama an riga an shirya. Shekara nawa ina cin abincin birni, ban yi musu noma ba, ban zauna shari'arsu ba. Abu ɗaya ya rage da zan kai wa gari, shi ne in mutu a cikinsu. Mutuwa ba ta wanda ya mutu ba ce. Ta ku ce da za ku zauna ana nuna ku da baki.”

“A nuna ni. Ni uba nake so, ba kiɗa ba.”

Ya dafa hannuna ya ce to, ya ji, zai gama allurarsa. Na yarda da shi, don Baba bai taɓa yi mini ƙarya a kan babban abu ba.

Cikin makon hadari ya haɗu a kudu, aka ce an yi ruwa a Biu. Ranar Talata ina makaranta muna jarrabawa. Da na tashi na biya gida na ɗauki abinci, na isa asibiti na tarar an naɗe katifarsa. Sista Hauwa ta ce Baba Dauda ya tafi da shi ƙauye, ta yi magana har muryarta ta dishe, likita ma ya zo, amma mutum mai hankalinsa ya ce da bakinsa zai tafi, ba su da igiyar ɗaure shi. Ta cusa musu ƙwayoyi a jaka. Ba Bukar ya ce, “Ya ce ki yi haƙuri, ya ce zai gama a can.” Na tambaye shi yadda suka ɗauke shi zuwa mota. Ya ce ba wanda ya ɗauke shi, da ƙafarsa ya taka har bakin titi. Mutumin da na shigo da shi a kafaɗata. Na zauna a kan ƙarfen gadon na yi kukan da ban yi ba ko ranar mutuwarsa.

Ranar Asabar na bi su da kwalaben allura. Mai yin allura mafi kusa yana ƙetaren rafi, na roƙe shi, ya riƙa zuwa a keke yau da gobe, jibi a fasa, har rafin ya cika ya daina zuwa gaba ɗaya. Da allura ta tsaya, ƙarar kunnen ma ta ragu. Baba Dauda ya ce, “Kin gani? Sun ga ya dawo gida, sun yi shiru.” Na tashi na bar wurin, don abin da ke bakina ba na faɗa wa ƙanen uba ba ne.

Sauƙin da allura ta saya masa a Maiduguri, a ƙauye ya ci shi. Duk damina yana zaune a ƙofar gida a kujerar kwance, mutane na zuwa yi masa ban kwana yana ba su labarin birni. Ya raba gardamar gona, ya sa wa jariri suna, ya yi ƙiba har bel ɗin ya koma ramin da. Na ce to tunda bai mutu ba a bar ni in mayar da shi. Aka ce rafi. Da rafi ya janye aka ce ai ya warke, me zai koma yi. Ƙwayoyin kuwa na same su a saman rumbu, rabinsu ba a taɓa ba. Bayan girbi tarin ya dawo, wannan karon bai yi sallama ba. Na zo da mota, ya dube ni ya ce, “Yanzu kam ko ke kin san ba za ni ba.” Ya cika da safe, a ɗakinsa, kansa a cinyar Baba Dauda.

Ba zan yi ƙarya ba, ban taɓa ganin jana'iza irin tasa ba. Ƙauyuka suka kwararo. Fasto ya yi wa'azi, ya gama ya koma gefe, masu tsinza suka zauna. Aka fito da shi ta ƙofa a kafaɗun samari, a hankali, kamar ango. Aka ba ni sandarsa da hularsa aka tura ni fili, don babbar 'ya ce ke buɗe rawa. Na yi niyyar in taka sau biyu in fita. Amma da katakon nan ya ɗauka, na ga tsofaffin da suka san shi tun yana kiwon awaki suna kiran sunansa suna dariya da hawaye, sai ƙafata ta ƙi tsayawa. A filin nan na gane abin da yake nufi, kuma ganewar ba ta rage mini haushi ko kaɗan ba. Mata suna riƙe ni suna cewa, “Ubanki ya iya mutuwa.” Baba Dauda ya same ni da yamma, idonsa jawur, ya ce, “Da mun biye miki, da yanzu muna kwaɓa ƙasar toshe katanga.” Da zuciya ɗaya ya faɗa, yana son yayansa kamar yadda nake sonsa.

To ku da tsofaffinku ke kwance a asibitin birni, ku sani ba ciwo kaɗai kuke jinya ba. Tun ranar farko ku tambayi likita abin da magani zai jawo, jiri ne ko ƙarar kunne, ku faɗa wa mara lafiya da danginsa kafin abin ya zo, don in ya riga ku zuwa wani zai ba shi suna. Ku tambayi tsohon abin da yake tsoro tun yana da ƙarfin gardama. Ni na ɗauka mutuwa Baba ke tsoro, ashe katanga ce. Ina godiya ga Sista Hauwa da Ya Falmata da likitan nan da ban iya faɗin sunansa ba. Sun yi nasu.

Watan jiya na shiga kasuwa sayen zare, sai na ga wani mutum ya ɗauko tulin huluna a kan katakonsu yana ratsa jama'a, wuyansa ya cika, yana faɗa da mai baro. Sai da ya wuce ni na gane shi, ashe Ba Bukar ne. Na kira shi bai juyo ba, na bi shi na taɓa hannun rigarsa.

“'Yar Malam Yakubu,” ya ce da ƙarfi, yana murna. “Ki ɗaga murya, allurar nan ta tafi da kunne ɗaya. Ina abokina? Ya gama maganin?”

Na ce Baba ya rasu. Bai ji ba. Na sake faɗa, ya karkato da ɗaya kunnen. Sai da na ɗaga murya a tsakiyar kasuwa, masu tumatir suna juyowa, na ce, “Ya mutu, Ba Bukar.”

Ya sauke kayansa ƙasa. Ya daɗe yana kallon hulunan, leɓensa na motsi. Sannan ya ɗago ya ce, “Ta ƙofa?”

Na ce, “Ta ƙofa.”

“To,” ya ce. “Ya samu abin da ya je nema. Allah ya ba ki haƙuri.”

Na taimaka masa ya ɗora kayan a ka. Ya ce jikarsa za ta yi aure bayan salla, lallai in zo. Na tsaya ina kallonsa yana tafiya da sauri cikin mutane har ya ɓace, sannan na koma gida ban sayi zaren ba.